Ranar da Baba Ya Liƙe Bututun Motar Alhaji

Direba mantuwa gare shi, kuma ni a ganina rahama ce. Da duk abin da hanya ta nuna mana yana nan daram a ƙwaƙwalwa, da babu wanda zai sake riƙe sitiyari. Na manta yawan tayoyin da suka fashe mini, na manta fuskokin mutanen da muka yi cacar baki da su a tasha. Amma akwai wata Alhamis ta tsakiyar damina da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran tunanina kaf. Ranar ce na ɗauko mahaifina daga ƙauye zan kai shi a yi masa aikin ido, muka maƙale a hanya saboda wasu 'yan ramuka huɗu da ko ƙaramin yatsa ba ya shiga cikinsu.

A lokacin ina tuƙa wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi da riɗi a Birnin Kudu. Aikina shi ne in zaga da shi ko da wakilansa ƙauyuka, daga Wurno zuwa Kiyako har can cikin ƙasar Gwaram, duk inda aka ji labarin kaya. Motar da nake ja wata tsohuwar jif ce mai injin gas, wadda ya saya a gwanjon wata ƙungiya. Ta tsufa, amma ban taɓa ganin taɓon da ya riƙe ta ba. Abin da ya fi jan idon mutane a jikinta wani baƙin bututu ne da ya fito daga gefen bonet, ya bi jikin gilashin gaba ta ɓangarena, ya miƙe har saitin rufi, ya buɗe baki yana kallon gaba. Makanikai suna da sunansa na Turanci, ni dai bututu nake ce masa. Ta nan inji ke shaƙar iska, shi ya sa ko mun faɗa rafi ruwa ya kawo ƙofa, motar ba ta shaƙe shi.

Ranar da aka miƙa mini makulli, makaniken Alhaji ya tsayar da ni ya yi mini karatu. Ya ce rafi ba ya shiga bututun nan, amma ruwan sama yana shiga, tunda bakinsa a buɗe yake. Ya nuna mini wasu 'yan ramuka huɗu a wuyan kan bututun, ya ce ruwan da ya faɗo ciki yana bin bango ne ya zurare ta nan ya fita waje. Ya buɗe bonet ya nuna mini wata 'yar roba mai kama da bakin agwagwa a ƙarƙashin akwatin filta mai tace iskar inji, ya ce in riƙa matsa ta lokaci-lokaci, don duk ɗan ruwan da ya kuɓuce wa ramukan sama ta nan yake zuba. Sannan ya ce in na ga hadari mai nauyi, in sassauta zoben ƙarfen da ya ɗaure kan, in juya bakin ya kalli baya. Na ce masa na gane. Gaskiyar magana rabin hankalina yana kan rediyon motar, ina son in ji ko tana aiki.

Mahaifina kuma magini ne, irin na da, mai ginin ƙasa da rufin soro. A ƙauyenmu da ke can bayan Gwaram da wuya ka nuna tsohon gidan da hannunsa bai taɓa ba. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita: ba a yi masa alheri ya tafi hannu rabbana. In ka gayyace shi suna ko ka ba shi masauki, kafin ya bar gidanka sai ya zaga ya samo tsaga a katanga ya kwaɓa ƙasa ya liƙe. In ka hana shi, ka ɓata masa rai ke nan. Da kwano da siminti suka shigo aikinsa ya ja baya, sai ya koma facin rufin kwano, yana narka kwalta a gwangwani, ya tsoma tsumma ya manne wurin da ke yoyo. Daga baya yanar ido ta rufe masa idanu biyun a hankali, har ya kai ba ya bambance komai sai haske da duhu. Ido ya tafi, amma hannun yana nan da ƙaiƙayinsa. Ya koma yana bin bangon gidanmu da tafin hannu, yana neman abin gyara.

A wannan daminar ne likitocin ido suka sauka a wani asibiti a Birnin Kudu na mako guda, suna cire yanar ido kyauta. Ban ji labarin ba sai ranar Talata, a bakin matata. Na garzaya da tsohuwar takardar asibitin Baba, aka duba aka ba ni kati, aka ce Alhamis ce ranar ƙarshe, kuma duk wanda bai iso kafin azahar ba an rufe da shi. To, hanyar ƙauyenmu da damina sai a hankali. Akwai wani rafi a tsakani da in ya cika ko babur ba ya tsallakawa, ƙananan motoci kuwa tun farkon damina suke daina shiga. Na je wurin Alhaji ina ta kame-kame, ban ma gama bayani ba ya ce, "Kai, maganar mahaifi ce kake wannan jan ƙafa? Ɗauki motar ka tafi. Ka gaishe shi, ka ce ina yi masa fatan ya tashi lafiya."

Na isa gida ranar Laraba da la'asar. Inna ta riƙo hannun Baba har ƙofar gida, wai sai ya ga motar. Ganin nasa kuwa da hannu ne. Ya bi ta tun daga fitila har baya, yana shafawa yana ƙwanƙwasawa kamar mai sayen sa a kasuwa, yana cewa ma sha Allah. Da ya zo kan bututun sai ya tsaya. Ya bi shi da hannu har inda tsayinsa ya ƙare, ya yi ɗage ya taɓo kan, yatsunsa suna lalubar wuyan.

Tun da na fara tuƙi ya daina kirana da komai sai Direba, cikin tsokana. Ya ce, "Direba, wannan kuma mene ne, baki a hangame ga damina? Kuma na ji kamar ya tsattsage a wuya."

Daidai lokacin wayata tana ta ƙara, wani wakilin Alhaji ne yake nemana a kan maganar buhuna. Na ɗauka, na toshe bakin wayar da hannu na ce, "Baba, harkar inji ce, ba za ka gane ba. Ku shiga ciki, sauro ya fara fita."

Ya ce, "To." Ya sauke hannunsa. Ina jin wannan "to" ɗin har yau.

Da muka ci abinci Inna ta fito da ƙwarya cike da ƙwan zabi da ta jera a cikin dusa, ta ce a kai wa Alhaji. Baba ya laluba ƙwaryar ya ce wannan ai gaisuwar Inna ce, shi kuma me zai kai wa mutumin da ya ba da mota sukutum saboda shi? Na ce Alhaji ba ya buƙatar komai, addu'a ta isa. Ya yi shiru bai sake magana ba, ni kuma na ɗauka zancen ya wuce. Da na san mahaifina kamar yadda nake taƙama na san shi, da wannan shirun ya tayar mini da hankali.

Washegari bayan sallar asuba na shiga zagayen gaisuwa. Wanda ya tashi a ƙauye ya san ba a shigowa gari a fita ba a leƙa gidan baffanni da gwaggwanni ba, in ba haka ba shekara za a yi ana maganarka. Gida shida na shiga, kowanne sai an tsare ka da koko. Da na dawo rana ta ɗan ɗago, na tarar da Baba zaune a kan turmin da aka kife kusa da motar, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, fuskarsa a sake. Na ji warin kwalta a iska, na ga Inna tana ta murmushi tana kawar da kai. Na ce a raina wataƙila bokiti suka liƙe. Ban tambayi abin da ya kawo turmi ƙofar gida ba.

Gabas ta yi baƙi ƙirin. Na dubi hadarin, na tuna maganar juya kan bututu, na kuma tuna cewa sukudireba tana can ƙarƙashin kujerar baya, inda na riga na loda tabarma da jakar Baba da ƙwaryar ƙwai. Na ce kai, aikin minti biyu ne amma sauke kayan nan fa? Za mu riga ruwan tsallake rafi. Muka yi sallama da Inna muka kama hanya.

Ban taɓa ganin Baba cikin nishaɗi irin na safiyar nan ba. Yana zaune a gaba kusa da ni, ya dafa sandarsa, yana ta lissafa abin da zai fara kallo. Ya ce na farko Alƙur'aninsa, don ya gaji da jin karatu a bakin wasu. Na biyu jikokinsa, ya ga wa suka ɗebo. Na uku kuma katangar da yaran zamani suka yi wa masallacin unguwa, don tun da aka gama ta hannunsa bai yarda a miƙe take ba. Ina dariya ina cewa to, Allah ya kai mu.

Ba mu yi nisa ba iska ta taso, gero ya kwanta a gonaki, sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Daga gabanmu yake tahowa, yana dukan gilashi har waifa ta kasa. Maimakon in tsaya, sai na ƙara taka mota, ina tseren isa rafi kafin ya cika. Sai na ji Baba ya ce cikin jin daɗi, "Taka abinka, Direba. Yau ko ɗigo ba zai shigar mata ba." Na ɗauka addu'a yake yi, na ce amin.

Muna gangarowa kwarin da ke kafin rafin motar ta fara tari. Na taka totur ta ƙi amsawa, ta yi wata irin jijjiga, farin hayaƙi ya turnuƙe ta baya, sai ɗif, ta mutu. Hannuna ya kai kan makulli zan sake murɗawa, Allah ya sa na fasa. Na kira makaniken Alhaji, da ƙyar layin ya shiga, na gaya masa yadda ta yi. Ya daka mini tsawa ta cikin wayar: "Kada ka sake ka tayar da ita! Ka ji ko? In ruwa ne a ciki ka murɗa, injin ya tafi ke nan. Buɗe akwatin filta ka gani."

Na fita cikin ruwan na ɗaga bonet, na ɓalle murfin akwatin. Ruwa ne kwance a ciki, filtar ta jiƙe sharkaf ta lanƙwashe. Na taka taya na hau na kai hannu wuyan bututun ina neman ramukan nan huɗu. Babu ko ɗaya. Abin da yatsuna suka taɓo tsumma ne da aka naɗe da kwalta, an zagaye wuyan da shi tsaf, an shafe shi sumul, baƙi a kan baƙi, ta yadda ko kana tsaye kusa ba za ka lura ba. Aiki ne mai kyau ƙwarai, kuma duk duniya mutum ɗaya na sani mai irin wannan hannun.

Na buɗe ƙofar ɓangaren Baba ruwa na zuba daga jikina. Na ce, "Baba, kai ka taɓa bututun nan?"

Fuskarsa ta washe, ya ɗauka yabo ne ke tafe. Ya ce, "Ashe ka gani. Huɗu ne, duk sun tsage. Na ce bawan Allahn nan ya ba mu motarsa, ai ba ma mayar masa da ita tana yoyo ba. Innarka ce ta riƙe mini turmi."

Abin da na faɗa bayan nan ba na son maimaita shi, amma in na ɓoye labarin bai cika ba. Na ɗaga murya a kan mahaifina. Na ce, "Wa ya sa ka? Wa ya aike ka? Mutum ba ya gani, amma hannunsa ba zai zauna wuri ɗaya ba! Ga shi nan ka kashe motar mutane, ka kashe mana tafiya!"

Akwai wasu manoma biyu da suka fake a gindin tsamiya kusa da mu, duk sun ji. Ɗayansu ya sunkuyar da kai. Murmushin ya ɗan jima a fuskar Baba kamar bai san an kore shi ba, sannan ya gushe. Ya tattara hannayensa ya ɗora a kan cinya, a nan ne na ga babban yatsansa na dama ya tashi ya yi ƙululu, wurin da kwalta mai zafi ta zubo masa. Tun safe yake ɓoye shi a cikin hannun riga. Amma girman kai ya hana ni ba shi haƙuri, na rufe ƙofar na koma gaban mota ina ta huci.

Ɗaya daga cikin manoman ne ya ce akwai mai gyaran tarakta a ƙauyen da muka baro a baya, ya hau babur ɗinsa cikin ruwan ya tafi ɗauko shi. Na gangara na dubi rafin. Ya riga ya cika ya batse, jajir da shi, yana tafe da rassan itace. Wasu samari da suka taru a bakin gaɓa suka ce za su iya ɗaukar tsohon a kafaɗa su tsallakar da shi, in ya so a nemi babur a wancan hayin. Ɗayansu ya shiga ya gwada, ruwan ya kawo masa ƙirji ya kusa kwashe shi, da ƙyar 'yan'uwansa suka jawo shi. Na ce a'a, na gode. Ina duba agogo, ƙarfe goma ta wuce.

Mai gyaran ya iso wajen sha ɗaya, wani dattijo siriri mai 'yar jakar sifanu a rataye. Ruwan ya tsagaita. Ya gaishe da Baba tukuna, har da russunawa, sannan ya zo kan inji. Ya ce ruwa ya wuce filta ya shiga ciki, amma tunda a hankali take tafiya lokacin da ta mutu kuma ban sake murɗawa ba, akwai sa rai. Sai an kwance nozul duka, wato bakunan da ke fesa mai cikin inji, an fitar da ruwan, filtar kuma a kai ta gidan da ke kusa a busar a gefen garwashi. Na tambaye shi awa nawa. Ya dube ni ya ce, "Malam, in ka gaggauta ni, injin ne zai biya."

Da ya hau ya taɓa wuyan bututun sai ya yi 'yar dariya, ya ce wane gwani ne ya yi wannan faci? Baba ya amsa daga cikin mota, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce shi ne mai laifin. Sai dattijon nan ya yi abin da ya kamata in yi tun jiya. Ya kwance zoben, ya ciro kan bututun gaba ɗaya, ya kai wa Baba har kujera ya ɗora masa a cinya. Ya kama hannunsa ya zura yatsunsa ciki. Ya ce, "Baba, ka ji nan? Iska ta nan take shiga. In ruwan sama ya biyo ta sai ya bugi wannan bangon, ya gangaro ta wannan 'yar kwata, ka ji ta? To ramukan nan da ka rufe su ne ƙofar fitarsa. Can ƙasa, inda bututun ya haɗu da inji, nan ne ake liƙewa gam saboda rafi. Nan sama kuwa dole a bar wa ruwa hanya."

Baba ya bi kwatar da yatsa sau biyu. Sai ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe indararo ne." Ya girgiza kai. "Shekara arba'in ina faɗa da mutane a kan kada su bari indararon soronsu ya toshe. Na sha gaya musu yaɓe ba ya tsare ɗaki in ruwa bai samu hanyar sauka ba. Yau ga shi ni na toshe da hannuna, har guda huɗu."

Duka bayanin bai ɗauki minti biyu ba. Mutumin da na ce ba zai gane ba ya gane tun kafin a rufe baki, ya ma fi ni ganewa, don shi ya san halin ruwa a kan rufi tun ban zo duniya ba.

Bai tsaya nan ba, ya ce a ba shi wuƙa, wanda ya liƙe shi ne zai ɓamɓare. Haka ya zauna da kan bututun a cinya yana kankare kwaltar a hankali, yana ɓata farar rigarsa, har ramukan huɗu suka buɗe. Yana cikin haka mai gyaran ya yafito ni gaban mota. Ya sa hannu ƙarƙashin akwatin filta ya ciro 'yar robar nan mai bakin agwagwa, ya matsa ta a gabana. Ta ƙi buɗewa, busasshen taɓo da ƙaiƙayin riɗi sun cushe ta ta zama kamar dutse. Ya rage murya ya ce, "Wannan kuma ba aikin Baba ba ne. Da tana buɗe da rabin ruwan ya zube. Kuma da ka juya kan ya kalli baya, da ƙila ba mu haɗu yau ba." Tun da aka ba ni motar ban taɓa matsa robar nan ko sau ɗaya ba. Na tabbata Baba ya ji, don kunnensa ya ƙara kaifi tun da ido ya tafi, amma bai ɗago kai daga kankararsa ba.

Muna nan aka kira azahar a ƙauyen da ke hayi. Lokacin da asibiti ya ba mu ya wuce ke nan. Baba ya ce a ba shi ruwa ya yi alwala, muka shimfiɗa tabarma a jiƙaƙƙiyar ƙasa ya ja mu sallah. Bayan nan aka murɗa injin ba nozul, ruwa ya yi ta feshi, aka mayar da komai, aka sa busasshiyar filta, aka ɗaura kan bututun yana kallon baya. Da ta tashi samarin nan har tafi suka yi. Rafin ya ɗan sauka, muka shiga ruwa na dukan ƙofa muka fita lafiya. La'asar ta riga ta yi.

Dab da magariba muka shiga asibitin. Tsofaffi ne birjik a kan benci a ƙarƙashin bishiyoyi, kowa da farar auduga manne a ido ɗaya, 'ya'yansu na ba su ruwa. Na samu wata ma'aikaciyar jinya na nuna mata katin, na roƙe ta kamar zan durƙusa. Ta dubi Baba da rigarsa mai dabbaren kwalta, tausayi ya kama ta, ta shiga ciki ta daɗe. Ta fito ta ce wallahi an riga an naɗe kayan aiki, likitocin da sassafe za su wuce. Baba ya ce mata, "Ba komai, 'yata, Allah ya yi miki albarka. Mu ne muka makara." Ya sa na zaunar da shi kusa da wani tsoho da aka yi wa aikin, ya tambaye shi ko da zafi, ya yi masa barka.

Da safe ya ce sai na kai shi wurin Alhaji. Da bakinsa ya ba da labarin abin da ya yi wa motar, bai rage komai ba, bai kuma ambaci robar da na bari ta toshe ba. Alhaji ya yi ta ba shi haƙuri kamar shi ne ya yi laifin.

Sai bayan kaka muka samu halin kai shi Kano. Kafin nan, wajen ƙarshen damina, idonsa na hagu ya yi ja ya kama ciwo mai tsanani na kwanaki, yana can ƙauye ana ɗiga masa abin da aka samu, ya hana a gaya mini don kada in bar aikina. Da likitan Kano ya haska ya duba, sai ya ce na dama za a iya yi, amma na hagu yanar ta nuna ta wuce kima har ta kashe jijiyar, babu abin da za a iya yi masa. Ya ƙara da cewa da an kawo shi 'yan watannin baya, da an ceto duka biyun. Bai san abin da maganar ta taɓa ba. Baba ya laluba ya dafa gwiwata ya matsa, alamar in yi shiru.

Muna fita na zaunar da shi a baranda na tsuguna a gabansa. Wata huɗu ina ɗauke da maganar nan ta bakin rafi, kullum ina cewa gobe. Na ce, "Baba, ka yafe mini abin da na faɗa maka ranar nan." Kuka ya ci ƙarfina, ga mutane na wucewa.

Ya ce, "Tashi, Direba, kada ka tara mana jama'a. Na yafe tun a wurin. Ai ba ƙarya ka yi ba, ba na gani." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma da ka gaya mini aikinsu da na tambaye ka, kunnena yana ji."

Aka yi aikin na dama. Washegari da aka cire audugar ina tsaye a gabansa. Ya ƙifta, ya ƙifta, hawaye na gangarowa, ya kafe ni da ido ɗayan ya daɗe yana kallo kamar yana neman wani a bayana. Sai ya miƙo hannu ya taɓa gefen kaina ya ce, "Kai, yaushe ka yi furfura?" Da wannan ido ɗayan ya rayu shekara shida, ya sauke Alƙur'ani da shi ban san sau nawa ba, kafin Allah ya karɓi abinsa.

Na yarda komai da ƙaddara, amma na san inda nawa hannun yake a ciki. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, mai ƙaunarka ba zai fasa taimakonka don ka raina fahimtarsa ba, zai taimake ka ne da iya abin da ya sani, kuma in aka yi ɓarna kai da ka rufe masa baki kana da kaso mafi girma. Shi ya sa yanzu duk wanda ya tambaye ni abu, tsoho ne ko wanda bai taɓa shiga aji ba, nakan ajiye waya in juyo in ba shi amsa har sai ya gamsu. Na taɓa ƙyashin minti biyu, mahaifina ya biya da ido guda.